Babu Shaiɗan a Cikin Tsirkiyar Jita



Da yawanku kuna wurin, saboda haka ba sai mun ja labarin ba. A taron matasa da muka yi bayan girbi, wanda 'yan'uwa daga Gumel da Maigatari da Gagarawa suka zo suka same mu a nan Sule Tankarkar, ana cikin waƙar baiko sai mai jita ya saki wasu sautuka da kunnenmu bai saba da su ba. Mai ba da waƙa ta rikice, masu amshi suka kalli juna. Wani dattijo, uba a gare mu duka, wanda ya yi shekaru yana rera bes a kwaya, ya tashi daga kujerarsa ya taka har gaba ya zare wayar jitar daga amfilifaya. Da aka tashi ya ce kiɗan otal ne. Ya ƙara da cewa ya ji akwai wani sauti da ake kira na Shaiɗan, wanda ikkilisiya ta haramta tun zamanin da, kuma shi ne yaron ya kawo mana. Mu fastoci da muke zaune a gaba ba mu ce uffan ba. Tun daga ranar yaron bai sake ɗaukar jita a sujada ba, babu kuma wanda ya bi shi gida.

Shirun da muka yi kuskure ne, shi muka zo gyarawa. Za mu faɗi abu biyu, kuma kowanne zai ɓata wa wani rai. Kunnen Baba bai yi ƙarya ba, kiɗan ya ɓata waƙar. Amma dalilin da ya bayar ba gaskiya ba ne, maganin da ya ɗauko kuma ya fi cutar muni. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda ƙaramin sani ya ɗaure, ƙara masa sanin ake yi, ba a ƙwace masa littafi.

Mun zauna da yaron. Abin da yake ta fama da shi wata da watanni, a wayar da yake kai wa caji a shago, shi ne tsani biyu na kiɗan jaz, waɗanda makaɗa suke kira diminish da oltad. Tsani a nan shi ne jerin sautuka da ake hawa ɗaya bayan ɗaya, irin do re mi fa so la ti do da kowane ɗan kwaya ya sani. Wuyan jita kuwa, ƙarafan da aka gitta masa sun raba shi gaɓa-gaɓa. Gaɓa ɗaya rabin taki ce, gaɓa biyu cikakken taki. Wanda ya riƙe wannan zai iya binmu har ƙarshe ko da bai taɓa riƙe jita ba.

Mu fara da sautin Shaiɗan ɗin, tunda shi ne tuhumar. Tazara ce tsakanin sauti biyu, gaɓa shida cif, wato rabin tsani daidai. A sol-fa ita ce tsakanin fa da ti. To, ku buɗe Littafin Waƙoƙi, ku saurari yadda kwaya take rufe baiti a waƙoƙin da aka tsara wa muryoyi huɗu. Sau da yawa, dab da ƙarshe, bes yana kan so, wata murya tana kan fa, wata tana kan ti. Kunne ya ji an matse shi, yana neman mafita. Sai ti ta hau zuwa do, fa ta sauko zuwa mi, kowa ya ji an iso gida. Matsin nan da ke sa ƙarshen waƙa ya yi daɗi, shi ne ainihin tazarar da aka ce ta Shaiɗan ce. Muna rera ta kowace Lahadi, kuma Baba ne yake riƙe mata gindi da muryarsa.

Laƙabin kansa yana da asali, amma ba irin wanda ake yaɗawa ba. A littattafan malaman kiɗa na Turai na farkon shekarun 1700 ake samunsa, kamar littafin da Johann Fux ya wallafa a Biyana a 1725. Gargaɗi ne ga ɗalibai, domin tazarar tana da wuyar rerawa daidai, mai koyo yakan zame a kanta. Kamar dai yadda uwa take ce wa yaro akwai dodo a rijiya. Masu binciken tarihin kiɗa ba su samo wata dokar ikkilisiya da ta kori mutum saboda ya buga ta ba. Labari ne mai daɗin bayarwa, shi ya sa ya yi tafiya daga Turai har ya iso bakin iyakar Nijar.

Yanzu tsanin diminish. Matakansa takwas ne, ba bakwai ba, kuma tafiyarsa ɗaya ce: rabin taki, cikakken taki, rabin taki, cikakken taki, har a dawo inda aka fara. Idan aka tashi daga G, zai ba da G, A♭, B♭, B, D♭, D, E, F. Alamar ♭ tana nufin an saukar da sautin gaɓa ɗaya. Saboda tafiyarsa tana maimaita kanta, duk abin da yatsu suka buga, in aka matsar da hannu gaɓa uku aka sake bugawa, ana cikin tsanin nan dai. Shi ya sa duk duniya irinsa uku ne kawai, sauran maimaici ne. Shi ya sa kuma yake ruɗin masu jita: siffa ɗaya ka haddace, sai ka yi ta zarya da ita daga kan wuyan jita har gindinsa, mutane suna tsammanin ka ƙware. Django Reinhardt, wanda aka haifa a Beljiyam a 1910 ya yi rayuwarsa a Faransa, gobara ta lalata masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928. Da yatsu biyun da suka rage yake buga solo, kuma wannan zarya ta gaɓa uku-uku tana cikin abubuwan da aka san shi da su. Bambancinsa da yaranmu shi ne, shi ya san inda zai tsaya.

Wanda yake ganin tsanin nan ɗan otal ne, ya ji wannan. Olivier Messiaen shi ne mai kaɗa ogan a majami'ar Sainte-Trinité da ke Paris daga 1931 har ya rasu a 1992, fiye da shekara 60 a kujera ɗaya. Daga cikin abin da ya tsara akwai na haihuwar Almasihu da tashinsa da hawansa sama, kuma tsanin nan mai matakai takwas yana cikin manyan kayan aikinsa, har ya yi bayaninsa a littafin da ya fitar a 1944. Ba ma sai mun je Paris ba. Masu bes, ku tuna wurin da kuke hawa fa, fe, so. Kod ɗin da ke zaune a kan fe ɗin nan, wanda mai kibod yake ratsawa ta kansa kamar mai tsallake kwata, a waƙoƙi da yawa kod ɗin diminish ne. Sauti huɗu ne, kowanne gaɓa uku tsakaninsa da na kusa da shi. Ya daɗe a cikin majami'unmu, sunansa ne kawai ba mu sani ba.

Tsanin oltad ya fi wannan yaji. Ma'anar sunan ita ce wanda aka jirkita. A ki na C, kod ɗin so shi ne G7, mai ɗauke da G, B, D, F. Makaɗan jaz suka bar sauti uku da ke riƙe da asalin kod ɗin, wato G da B da F, suka jirkita duk sauran, wannan a ɗaga shi gaɓa ɗaya, wancan a saukar da shi. Abin da ya fito shi ne G, A♭, B♭, B, D♭, E♭, F. Ku gwada shi da na diminish, za ku ga matakai biyar na farko ɗaya ne. Daga nan suka rabu: diminish ya riƙe D da E, waɗanda 'yan gida ne a ki na C, shi kuwa oltad ya watsar da su ya ɗauko E♭. Saboda haka ya fi nisa da gida, ya fi kuma matse kunne.

Me ya sa mutum mai hankali zai nemi sautukan da suka yi nisa da gida haka? Domin kusan kowannensu gaɓa ɗaya ce tak tsakaninsa da wani sauti na kod ɗin do. A♭ tana zamewa ta faɗa kan G. D♭ tana faɗawa kan C. E♭ tana hawa kan E. Suna tsaye ne a bakin ƙofa, taki ɗaya su shiga. Daɗinsu duka a shigar yake. Aikin da fa da ti suke yi wa kwaya, shi ɗin ne dai, an ƙara masa ƙarfi. Saboda haka wurin zaman wannan tsani ƙanƙane ne ƙwarai: kan kod ɗin so, lokacin da yake kan hanyar komawa do. Bugu huɗu, wani lokaci biyu, shi ke nan.

Ga abin da ɗan'uwanmu ya yi ranar taron. Waƙar baikon irin tamu ce ta gida, mai sauti biyar, wadda take zaune a kan do kusan daga farko har ƙarshe, ganga da tulu suna ɗauke da ita. Jama'a suna rera mi, shi yana buga E♭, gaɓa ɗaya a ƙasa da su. Suna rera so, shi yana kan A♭, gaɓa ɗaya a sama. Babu wata ƙofa da sautukan nan za su shiga, domin ana cikin gida tun farko. Ya zuba barkono a cikin fura. Barkonon ba shi da laifi, furar ma ba ta da laifi.

A nan za mu juyo kanku, masu jita, kuma ba za mu sassauta ba. Abin da yawancinku kuke kira koyo, haddar zane ce. Bidiyo ya nuna muku ɗigo-ɗigo a kan wuyan jita, kuka bi da yatsu, kuka ƙara sauri, kuka ce kun iya. Mun ce wa ɗan'uwan ya ajiye jitar ya rera mana tsanin da bakinsa. Ya kai mataki na uku ya ɓace. Abin da bakinka ba zai iya rerawa ba, kunnenka bai san shi ba, abin da kunnenka bai sani ba kuwa yatsunka aronsa suka yi. Jaz kiɗa ne na ƙirƙira nan take, wato mutum ya ji abu a ransa ya fitar da shi a tsirkiya a daidai lokacin. Wanda yake zubo abin da ya haddace ba tare da ya saurari abokan kiɗansa ba, karatun aku yake yi.

Manyan wannan fanni ba ta hanyar zane suka bi ba. Wes Montgomery na Indiyanafolis a Amurka, wanda ya rasu a 1968, ma'aikaci ne mai iyali, da rana yana aikin walda. Faifan Charlie Christian ya sa a gaba, yana maimaita shi har ya kwashe solo ɗinsa sauti bayan sauti da kunne. Da babban yatsa yake bugawa don kada ya dami mutane da dare, har hakan ya zama tambarinsa. Grant Green kuwa ya ɗauki faifai guda a 1962 mai suna Feelin' the Spirit, wanda waƙoƙin ibada ne na baƙaƙen fatar Amurka. Ku neme shi ku saurara. Mutum ne da ya san hanyoyin jaz ciki da waje, amma za ku yi mamakin ƙarancin abin da yake bugawa, da yadda yake barin waƙar ta yi numfashi. Mu ma a nan ba baƙin wannan darasi ba ne. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya riƙe ƙasar nan shekara da shekaru. Ku kuna da shida.

In da gaske kuke, ku fara da sauti biyu. Ku ɗauki G7 da C a waya, kuna maimaita su, ku rera fa zuwa mi, ti zuwa do, har ya zauna muku a kunne, sa'an nan ku nemo su a jita. Bayan haka ku ƙara baƙo ɗaya, A♭, ku ji yadda take faɗawa kan G. Ku zauna da ita mako guda, ko biyu. Kada ku ƙara wani sai kun iya jin wannan kafin yatsa ya taɓa shi. In ya zauna a C, ku kai shi F da G da D, inda yawancin waƙoƙinmu suke, daga baya sauran ki ɗin har su cika 12. Aikin shekaru ne, kuma duk wanda ya ce muku na kwana bakwai ne, datarku yake so ku ƙona. Abin daɗin shi ne wannan hanya ba ta bukatar wuta ko intanet. Ana iya yinta a gindin bishiya bayan an taso daga gonar riɗi.

Amma laifin yaro ƙiwa, laifin babba rowa. Yaron nan bai yi ƙiwa ba. Shi kaɗai, ba malami, da jitar da in tsirkiyarta ta tsinke sai an jira mai zuwa Sabon Gari a Kano, ya kai kansa ga abin da ake koyarwa a manyan makarantun kiɗa. Iyaye da dattawa da mu fastoci, me muka ba shi? Muna tura matasa kwas na wa'azi da na koyar da yara, muna tara kuɗi mu sayi janareto da lasifika, amma ba mu taɓa zama mun ce bari mu nemo wanda zai koya wa makaɗanmu kiɗa ba. Mun bar su da kod uku da waya. Da ɗayansu ya leƙa gaba da kod ukun ya yi tuntuɓe, sai muka hukunta shi a gaban baƙi.

Littafin Tarihi na Fari, sura 25, ya ƙirga mawaƙa 288 a hidimar gidan Ubangiji, ya kuma nuna horarru ne, akwai malami akwai ɗalibi a cikinsu. A sura 15 an ɗora Kenaniya a kan sha'anin waƙa saboda gwaninta. Ba mu ga inda aka ɗauki rashin iyawa a matsayin tawali'u ba. A ƙasar Hausa ma muna da abin tunawa. Bala Miller, ɗan wani limamin ikkilisiya ne mutumin Zariya, an haife shi a 1928 ya rasu a 2003. Ya jagoranci babbar ƙungiyar makaɗa, ya kuma sa hannu wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano a 1973. Ɗan gidan fasto ne ya ga cewa matasan Arewa sun cancanci a zaunar da su a koya musu kiɗa da ƙa'idarsa. Shekara 50 da ɗoriya bayan haka, mu muna zare waya.

Mun san abin da za a ce mana, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce sujada ba dandalin nuna gwaninta ba ce. Haka ne. Mai jita a majami'a bawan waƙa ne, waƙa kuma baiwar kalma ce. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, karin waƙoƙinmu yana bin karin maganar, in ka rufe shi da ƙara ka rufe ma'ana. Manzo Bulus ma, a Korantiyawa ta Fari sura 14, ya kafa misali da sarewa da molo a kan cewa sai sautuka sun fita rarrabe kafin a gane abin da ake kaɗawa. Za mu ƙara da abin da masu sukar ba su faɗa ba: a yawancin waƙoƙin Zumuntar Mata da na Sabon Rai babu wurin oltad ko kaɗan, kuma ba za a taɓa samun wurin ba. Mai yiwuwa a sujada guda sau ɗaya tak zai yi amfani, a ƙarshen wata waƙar littafi, na tsawon numfashi ɗaya.

To, wa zai san wannan? Wanda ya koya har ƙarshe. Makaɗin da ya san dalilin da ya sa E♭ take neman E shi ne zai san ba a buga ta a kan jama'ar da ke riƙe da mi. Wanda aka hana shi a tsakiyar hanya ba zai taɓa sani ba. Zai ci gaba da koyo a ɓoye, daga bakin mutanen da ba su taɓa jin waƙoƙinmu ba, ko ya ajiye jitar gaba ɗaya, ko ya ɗauke ta ya tafi inda za a tafa masa. Mu kuwa a wannan yanki ba yawa gare mu ba. Ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, wata mai jita ɗaya gare ta, wata ba ta da ko ɗaya. Damina tana wucewa matasa suke kama hanyar birni, ba duka suke dawowa ba. Ba mu da ɗan da za mu yi asararsa saboda tatsuniyar da aka ji a bakin wani.

Kakanninmu a bangaskiya sun yi irin wannan gardama a kan ganga, wasu suna cewa kayan bori ne ba za ta shiga ɗakin sujada ba. Yau in aka yi baiko babu ganga, dattawan ne za su fara tambaya ko lafiya.

Ga abin da muke roƙo. Majalisar dattawa ta mayar da ɗan'uwan nan bakin aikinsa, a kuma faɗa a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a aka kunyata shi. Shi kuma ya nemi gafarar mai ba da waƙar da ya rikita, ya yarda cewa ba zai kawo wani sabon sauti cikin sujada ba sai an gwada shi a wurin koyon waƙa, kwaya ta ji ta amince. Zumuntar matasa ta ware wani abu daga asusunta, ko kuɗin mota ne, a gayyato wanda ya san kiɗa daga Kano ko Jos ya zauna da makaɗan yankin nan ko na kwana uku ne, lokacin rani da babu aikin gona. Mu fastoci za mu kai maganar gaban 'yan'uwanmu masu hidima.

Asabar mai zuwa bayan koyon waƙa za mu je gidan Baba, mu da yaron da jitarsa, ba tare da amfilifaya ba. Mun riga mun aika, ya ce mu zo. Za mu gaishe shi, mu roƙe shi ya rera mana layin bes na waƙar da ya fi so, wurin nan da yake hawa fa, fe, so. Yaron zai riƙe masa kod ɗin a hankali, in sun iso kan fe su tsaya, Baba ya ji abin da ke ƙarƙashin muryarsa.